Taswira a Gindin Marke

Ni aka ba biro, wai ni ne magatakarda.
Ranar Laraba da hantsi, a gindin marke,
inda Daberam ta miƙo harshe cikin gonaki
ta yi lungun da iska ba ta cika damu ba,
nan kwamiti ya zauna rabon ruwa.

Injiniya Lurwanu ya warware taswira,
muka danne ta da duwatsu uku
da takalmin Ɗan'asabe.
Nan matsayar jirage goma sha biyu,
nan rumfar tikiti, nan mai tsire, nan mai shayi,
waya ta zagayo daga nan zuwa can,
ɗari biyar kafin ido ya ga ruwa.

Ya ce, mutan Daura har Kano suke zuwa
don yaro ya hau jirgi ya yi ihu ya sauko.
Ban musa ba. Ni ma na kai nawa bara,
na dawo aljihu sai iska da ƙaiƙayin zuwa.

Inna Tasalla ba ta san baƙi ba.
Ta ɗora yatsa, kumfar sabulu ba ta bushe ba.
"Wannan ɗigon fa?"
"Ma'ajiyar motoci, Inna."
"Dutsen wankina ne.
Da shi na aurar da huɗu, na kai ɗaya makaranta.
Ka tambaye shi ko yana son tayar kowa."

Ardo Sambo bai ko dubi takarda ba.
"Shanuna tamanin da 'yan kai.
Lissafa mini, nawa ne kuɗin ƙishirwa?"

Duk wannan, Sarkin Ruwa Tanimu na ɗinkin koma,
zare a baki.
Sai da hayaniya ta gaji da kanta ya tofar,
ya ce, "Yaro, wane wata ka yi awon?"
"Bayan damina."
"Ka auna baƙo ran da ya ci ya ƙoshi.
Dawo da bazara, taku ɗari uku yake ja da baya,
matsayarka ta tsaya tsakiyar tumatirin Ɗan'asabe,
jiragenka su kwanta a laka kamar jakunan da suka ƙi tafiya,
sai dai yara su hau su yi rawa."

Muka yi dariya. Shi bai yi ba.
Ya nuna kututturen giginya da allura.
"Can tsohon rafi yake kwance, gaba uku.
Sama lumui, ƙasa yana ja.
Nafi'u jikana ya iya iyo fiye da ni."
Ya mai da zare baki.
Biro ya tsaya mini. Wannan ba ya rubutuwa.

Lurwanu ne ya fara cire hula,
ya karɓi birona, ya soke jan layinsa da kansa.

Ga abin da na rubuta, da gyare-gyarensa:
matsaya a kan ganguna, ta bi ruwa duk inda ya ja.
Jan tuta a kututture.
Ba mai hawa ba rigar ruwa, ko ɗan wane ne.
Inji ba ya tashi sai masunta sun kwashe taru,
baƙin mai kuma can tudu, nesa da mashaya.
Burtali na nan. Dutsen Inna na nan.
Hanyar ƙafa ta gabas ba ƙofa, ta kowa da kowa.

Kuɗin hawa ne ya gagara.
Ɗari biyar, ɗari biyu, kyauta ran Juma'a,
har azahar ta raba mu, sai wata Laraba.

Ina naɗe taswira na ga shaidar yatsan Inna,
shuɗin ya jiƙe ya malala cikin ma'ajiyar motoci.
Ƙasa kuwa yara uku sun tuɓe riguna,
ba su jira sa hannun shugaba ba,
tsulum, sun faɗa ruwa.